Allurar rediyona ba ta barin 729

Jiya da daddare muna shago ni da yarana biyu, tun la'asar aka ɗauke wuta, muna ta fama da kaftanin wani ango da yace da sassafe zai turo a karɓa, sai ƙaramin cikinsu wanda ko wata huɗu bai yi da fara koyon aiki a wajena ba ya miƙa hannu kan kanta zai murɗa rediyo. Ban san sanda nace masa "kai, bar ta a nan" ba. Ya janye hannunsa yana kallona, babban kuwa ko ɗago kai bai yi ba don shi ya daɗe da sanin cewa komai na shagon nan ana taɓawa, almakashi, dutsen guga, har keken da nake ji da shi, amma banda allurar rediyo. Can sai yaron yace "Oga wai dan Allah me yasa kullum tashar nan, ga gidajen rediyo nan birjik a gari?" Nace ya gama sa maɓallan tukunna zan gaya masa. Har muka rufe shago ban gaya masa ba, saboda maganar tana da tsawo, ba irin wadda ake yi da zare a baki bace. Na dawo gida tambayar tana ta yi min yawo a kai.

Rediyon Kano nake ji, ta matsakaicin zango wato AM, a kan 729. Suna da FM ma a 89.3, nakan kama ta a waya in ina cikin adaidaita, amma a shago da gida sai AM ɗin, da ɗan shuuu ɗinta da komai. Kuma gado nayi. Baba Allah ya jiƙansa shi ma tela ne, yana da wata National mai rigar fata da maɗauri, manyan batir huɗu take ci, in sun fara sanyi ni ake aika in jera su a kan katanga su sha rana, da yamma a mayar su ƙara kwana biyu. Da asuba in an dawo daga masallaci zai zaro eriya ya lalubo London a gajeren zango ya ji abin da duniya ta kwana ciki, wani lokacin ya leƙa Kaduna saboda wasan kwaikwayo, amma da an gama sai yace min "mayar da ita gida". Gida a wajensa Rediyon Kano kenan. Yana girmama waɗancan sosai fa, ai sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, ta Kaduna kuma tun 1962 zamanin Sardauna, duk ya san wannan, amma a wajensa manyan baƙi ne da ake shimfiɗa wa darduma, ita kuwa wannan 'yar ɗaki ce.

In muka bi ta titin Ibrahim Taiwo ya goyo ni a bayan kekensa, sai ya nuna min ginin yace ka ga Gidan Bello Dandago nan, daga nan maganar take fitowa. A bakinsa na fara jin waye mai sunan, Sarkin Dawaki Mai Tuta, wanda lokacin yaƙin duniya na biyu shi da Isa Kaita suka je har Akra ta ƙasar Gana suna karanta labarai da Hausa a rediyo. Ni a lokacin abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda mutum zai zauna a cikin wancan gini muryarsa ta fito a shagonmu, sai da na ɗan tasa naga dogayen ƙarafunan Tukuntawa aka ce min ta nan ake cilla ta.

Abin da yaron nan bai tarar ba, kuma ba laifinsa bane tunda ya buɗe ido waya na hannun kowa, shi ne lokacin da rediyon nan ita ce mai shelar gari gaba ɗaya. Cigiyar yaro ya ɓata sanye da riga kaza, cigiyar akuya, ɗaurin aure, naɗin sarauta, taron manoma, gaishe-gaishen masu kati da za a yi ta jero sunaye wane na gaida wane har sai ka ji sunan unguwarku ka gyara zama. Sai kuma sanarwar rasuwa. Da an fara ta Baba yake ɗauke ƙafa daga kan keke, shagon ya yi tsit, in ya ji sunan da ya sani ya yi salati ya ɗauki hularsa yace min kula da shago, ya tafi jana'iza ko da kuwa shekara ashirin rabonsa da mutumin. Ranar da tasa ta zo, yayanmu ne ya je ya kai sanarwar, aka karanta sunan Baba da na unguwarmu da lokacin da za a yi sallah, ina zaune a zaure naji da kunnena a cikin rediyonsa. Wallahi kafin azahar sai ga mutane daga Wudil, daga Bichi, har wani tsoho daga Gumel wanda babu ɗaya daga cikinmu da ya san shi, yace shi Baba ya ɗinka wa rigar angwancinsa tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991, a rediyo ya ji yana gona ya ajiye fartanya ya nemi mota. To ka gaya min yaya zan yi in juya wa wannan tasha baya.

Haka a watan Janairun 2012 da aka kai hare-haren nan ranar Juma'a aka sa dokar hana fita, muna kulle a gida da yara ba mai leƙa ko ƙofa, ita muka rungume. Haka safiyar Juma'ar 6 ga Yunin 2014 da Sarki Ado ya rasu bayan shekara hamsin da ɗoriya a kan gado, labari ya riga ya fara yawo a waya amma ni ban yarda ba sai da naji a can.

Kar wani ya ɗauka ina da wata rigima da sauran gidajen. Ko kaɗan. Tun 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidan rediyo a ƙasar nan, mu a Kano sai 2003 muka ga namu da Freedom ta buɗe a Sharaɗa, kuma duk wanda yake garin nan a lokacin ya san abin da ya faru, talaka ya samu inda zai kira ya faɗi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya da bakinsa, mutane suka dinga taruwa a teburin mai shayi da daddare saboda shirinta na Inda Ranka. Daga baya ga Dala ga Rahma ga Arewa ga Express, wasu ma sai ka gani a jikin allon talla sannan ka san an buɗe. Alheri ne wannan, maƙocina mai wanki da guga tashar sa daban kuma ta bango nake jin rabona. Amma ina da tawa.

In za a ce in faɗi abu ɗaya tak da ya ɗaure ni da ita har yau, to kiɗa ne. Tsofaffin faya-fayan nan da suke sakowa na makaɗan da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. A nan kunnena ya yi makaranta. Tun ƙafata bata kai ga taka keke ba Baba yake min jarrabawa, kiɗa na tashi sai yace menene wannan, in ce kalangu, yace a'a sake saurara, kotso ne, baka ji da hannu ake kaɗa shi ba, na fada ne wannan. A haka na rarrabe kukuma da goge, ita kukuma ƙarama ce muryarta siririya, goge ya fi ta girma da amo duk da dai dukkansu gashin wutsiyar doki ake gogawa. Na san gurmi, na san garaya ta maharba, na san taushi, na san kuntigi, ɗan gwangwani da tsirkiya ɗaya wanda Ɗanmaraya Jos ya rayu da shi har ya koma ga Allah a 2015, shi kaɗai ba ɗan amshi ba kowa amma in ya fara sai ka ajiye abin da kake yi. Duk waɗannan a kunne kawai na san su a lokacin, ban taɓa sa ko ɗaya a ido ba.

Kuma akwai wani abu a cikin faya-fayan nan da sai wanda ya daɗe yana ji yake lura da shi. Ba shiru bane a bayan waƙar. In ka kasa kunne da kyau zaka ji mutane a ciki, wata ta rangaɗa guɗa daga nesa, wani ya yi tari, maroƙi ya katse da ƙarfi yana faɗin wane ya ba da kaza Allah ya saka da alheri, wani ɗan amshi ya ɗan riga 'yan uwansa shigowa sannan su cim masa, mawaƙin ya yi 'yar dariya a tsakiyar baiti saboda wani abu ya faru a gabansa wanda su kaɗai suka gani. Da yawansu haka aka ɗauke su, mutane na zaune makaɗa na kiɗa na'ura na juyawa, ba a ɗauki murya daban kiɗa daban aka zo aka haɗa ba. Shi yasa ko Shata, wanda ya rasu a 1999 aka kai shi Daura aka rufe, zaka ji waƙa ɗaya a faifai biyu kuma ba iri ɗaya ba, don a tsaye yake ƙera ta, wanda ya gani a wurin shi zai shiga ciki. Ni tun ina yaro abin da yake ja na kenan, in ji guɗar nan in ce ina ma ina wurin, wace ce wannan matar, ina ne wannan filin, rana ce ko dare.

Allah ya nufa na je wurin ina ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku. Dangin Inna rundawa ne, fawa suka gada kaka da kakanni a wani ƙauye ta yammacin Kano, kuma kowa ya san kalangu kiɗan mahauta ne tun asali. Kawuna ƙanin Inna ne zai yi auren fari, muka tafi tun ana jibi. Ranar ɗaurin aure da la'asar sakaliya aka share ƙofar gidan Sarkin Fawa aka yayyafa ruwa saboda ƙura, aka jera tabarmi, sai ga su sun taho su biyar, manyan kalangai biyu, ƙaramin nan ɗan karɓi, da kuntuku rataye a wuyan wani saurayi, sai wani dattijo mai baki wanda shi ba ya kiɗa, aikinsa roƙo da kirari. Ban manta ba ina tsugune kusa da wani turmi da aka kife.

Da suka sa makaɗi a fata, abu na farko da na gane shi ne ashe ba a kunne kaɗai ake jin kalangu ba, a ciki ake jin sa, a ƙirji, har haƙorana naji suna amsawa. Rediyon Baba duk ƙoƙarinta bata taɓa kawo min wannan ba kuma ba za ta iya ba. Abu na biyu hammata. Shekara da shekaru ina jin kalangu yana hawa yana sauka kamar mai magana ban san yadda ake yi ba, ashe icen ne aka fafe shi tsakiyarsa a tsuke, fata a baki biyu, tsirkiyoyi sun haɗa wannan bakin da wancan, shi kuma makaɗin ya maƙale shi a hammata, in ya matse tsirkiya ta ja fata murya ta hau sama, in ya saki ta sauko, a tsakanin bugu ɗaya ma yana iya matsewa ka ji sautin ya lanƙwasa. Tunda Hausa kanta hawa da sauka ce, in aka bi hawan da saukar daidai ai magana ta fito ko ba a buɗe baki ba. Na tsaya ina kallon damtsen mutumin nan yana aiki kamar zugazugin maƙera, gumi na bin gemunsa, idonsa kuma ba ya kan kalangun sam, yana kan mutane.

Sai suka juya kiɗan, naji wani abu da na sani. Taken mahauta ne, na sha jin sa a shagonmu Baba yana ce min ga na dangin uwarka nan. Kafin in juya in gaya wa wani, kawuna ango da yake zaune cikin babbar riga kamar ba zai taɓa motsi ba ya miƙe tsam, jikinsa na ɓari, ya cire hula ya damƙa wa abokinsa ya shiga fili yana kirari, 'yan uwansa suka mara masa baya, mata daga cikin soro suka ɗauki guɗa. Wato guɗar nan da nake ji daga nesa a cikin faifai, yau ga ta a bayan kunnena, kuma muryar Inna ce a ciki.

Amma abin da ya fi zama a raina ba wannan bane. Ana cikin haka wani tsoho ya taho daga bakin hanya yana dogara sanda, ba wanda ya kula da shi, ni ma don ina fuskantar wajen ne na gan shi. Babban makaɗin ya hango shi ta gefen ido, bai tsaya ba bai yi wa kowa magana ba, kawai sai ya saki abin da yake kaɗawa ya ɗauko wani daban a hankali, sauran suka bi shi nan take kamar sun shirya. Tsohon nan ya tsaya cak a inda yake. Ya ɗaga sandarsa sama ya jinjina, ya daɗe a haka, sannan ya laluba aljihu ya fito da abin da ke ciki ko dubawa bai yi ba ya miƙa wa maroƙin, naga yana share ido da hannun riga. Da daddare na tambayi Inna, tace ai taken mahaifinsa ne aka kaɗa masa, wanda ya rasu tun kafin a haife ta, shi makaɗin a wajen nasa uban ya gaji taken. Ka duba fa, ba a rubuce yake a ko ina ba, a hammatar mutum ɗaya yake ajiye, ya ga ɗan mai shi ya fito masa da kayansa.

Washegari kuma cikin gida aka yi na mata, da yake ban girma ba aka bar ni na zauna a gefen Inna. Kiɗan ƙwarya, mata huɗu a zaune sun kife ƙore a gabansu, ɗaya an kifa ta a cikin ruwa a babban masaki tana ba da wani amo mai zurfi, zabiya na bayarwa ana amsawa ana tafi, tsofaffin da da safe suke cewa gwiwa ta hana su tashi sai ga su a tsakar gida sun ɗaure gyale a ƙugu. Duk sanda aka sako Barmani Choge a rediyo, Allah ya jiƙanta ita ma tun 2013, tsakar gidan nan nake komawa, har ƙamshin turaren wuta da na waina nake ji.

Tun daga nan ban ƙara jin rediyo kamar da ba. Da muka dawo Kano aka sako kalangu sai naga damtse, naga gumi, naga ƙura. Kuma tun daga nan in dai naji ana kiɗa na gaske a wuri kuma ba wurin da zai zubar min da mutunci bane, to ina ƙoƙari in je.

Hawan Daushe kam ba ya wuce ni in dai an yi. Duk telan Kano ya san yadda goman ƙarshe na azumi take, kwana a shago, ido ya yi ja, baya ya ƙage, ranar sallah ana saukowa daga idi barci ne kawai. Amma washegari da la'asar ina Ƙofar Kudu, kuma da 'yar ƙaramar rediyo a aljihun gaba. Mutane suna min kallon mamaki wai ga abu a gabanka kana kuma saurara a rediyo, to ai a cikin cincirindon nan ba komai kake gani ba, mai sharhi ne yake gaya maka tawagar wane hakimi ce ta shigo, sarki ya bar Babban Ɗaki, wato gidan mahaifiyar sarki, ko bai bari ba, ya iso Kabara ko da saura. Kunne ɗaya yana can ɗaya yana nan. Sai ka fara jin algaita a cikin rediyon siririya, can kuma sai iska ta kawo maka ita ta gaske daga nesa, su biyun su haɗu a kanka, mai busa ya iso kumatunsa kamar za su fashe kuma sautin ba ya yankewa don yana shaƙar iska ta hanci yana tura ta kumatu a lokaci guda. Sannan kakaki, wanda in aka busa shi kusa da kai sai tsigar jikinka ta tashi ko kai waye, ga tambura, ga ƙarar bindiga, ga ƙasa na girgiza in mahaya suka sako dawakai za su yi jafi. A ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin kayan gadon duniya, naji daɗi sosai, amma a raina nace da za su tambaye ni sai in ce su fara da masu busa da masu kiɗan nan, don in aka cire su dawakai ne kawai ke wucewa.

Sai dambe. Nakan je Ado Bayero Square a Sabon Gari wani lokacin da yamma in aiki ya yi sauƙi, kuma gaskiya ba don naushin nake zuwa ba, ni har yau in aka yi kisa, wato aka kai mutum ƙasa, kau da kai nake. Wajen makaɗa nake samun wuri. A nan ne har yanzu zaka ga abin da na gani a ƙauyen su Inna, ɗan dambe na zaune ana naɗa masa kara a hannu kamar ba shi a wurin, ɓangarorin 'yan damben, Kudu na gefe Arewa na gefe Guramaɗa na gefe, sai a taɓa takensa, ka ga mutum ya zabura ya fito yana tsuma yana kirari har sai an riƙe shi. Kaset ba ya yin wannan, don kaset bai san wa ya shigo fili ba.

Shi yasa bikin yanzu yake ɗan sosa min rai, ba zan ɓoye ba. A kama hol mai tsada, a kawo DJ da manyan sifiku, ya danna kwamfuta, waƙar da aka yi a situdiyo da fiyano ta tashi, wani lokacin ma mawaƙin yana wurin riƙe da makirfo amma bakinsa kawai yake motsawa faifai ne ke yi. Ban ce ba su iya ba, akwai yara masu murya da basira a cikinsu kuma 'ya'yana suna son su, ni ma akwai waɗanda nake ji har in gyaɗa kai ina ɗinki. Kuma na san dalilin mutane, DJ mutum ɗaya ne da kayansa, makaɗa kuwa mutum biyar ne ko shida da za ka ɗauko ka ciyar ka sallama, ga masu ganin kiɗan gargajiya ƙauyanci ne, ga waɗanda suka bar shi saboda fahimtarsu ta addini kuma ina girmama hakan. Amma a irin wannan biki ko kakan ango ne ya shigo, waƙar da ke tafiya ita za ta ci gaba da tafiya, ba abin da zai canza. Sunan amarya da ango an riga an sa tun sati biyu da suka wuce, an biya an karɓa. Wanda ya zo daga baya ba shi a ciki.

Wani makaɗi da muka saba a wajen dambe, dattijo ne yanzu, na tambaye shi kwanaki ko yaransa suna koyo. Yace min "Malam, ɗaya yana tuƙa adaidaita ɗaya yana sayar da layin waya a Farm Centre, ƙaramin ne kaɗai yake ɗan taɓawa in ya ga dama." Ya faɗa ba tare da ɗaci ba, yace ai gara su nemi abin da zai riƙe su. Na rasa abin da zan ce masa. Na tuna tsohon nan mai sanda, na tuna take nawa ne a hammatar wannan bawan Allah da ba wanda ya karɓa. Da na koma shago aka sako wani tsohon faifai na kalangu sai naji kamar in je Gidan Bello Dandago da ƙafata in yi wa duk wanda yake kula da ɗakin ajiyar nan godiya, in kuma roƙe shi dan girman Allah a kwafe su a na'urorin zamani a adana, a kuma ci gaba da gayyato waɗanda suka rage da rai su zo su kaɗa a ɗauka, da guɗar da tarin da komai, kar a goge komai a ciki.

Bayan babbar sallah in Allah ya kai mu zan aurar da 'yata ta fari. Ita da ƙawayenta sun riga sun gama maganar hol da DJ kuma ban hana ba, ranarsu ce. Amma na gaya wa uwarta wunin ɗaurin aure a ƙofar gida nawa ne, za a share a yayyafa ruwa a shimfiɗa tabarmi, dangin Inna za su zo daga ƙauye, kawuna ango na wancan lokaci yanzu da furfura har gira kuma ya ce ko a kan kafaɗa ne sai an kawo shi. Na riga na yi magana da dattijon nan, yace zai zo da mutum huɗu kuma zai lallaɓo ƙaramin ɗansa ya riƙe kuntuku. Sanarwar ɗaurin auren kuma na san inda zan kai ta.

Yau da safe da na buɗe shago yaron ya riga ni zuwa, ya share ya goge kekuna, rediyon tana nan inda take bai taɓa ba. Nace masa ranar Juma'a in mun sauko daga masallaci kar ya wuce gida, zai raka ni Sabon Gari in kai wa dattijon makaɗin nan kafin alƙalami, kuma ya tsaya kusa da masu kalangu ya sa ido a kan hammatarsu. Yace "to Oga", ya jawo kujera ya zauna ya fara zare wa allura, ni kuma na kunna rediyo.